Semesta Ɗaya a Jamus: Amsar Tambayoyin Da Aka Ishe Ni Da Su Kan Musayar Ɗalibai

Tunda na dawo daga Hamburg ban huta ba, a dipatmen a tare ni, a gidan biki a tare ni, wata ma har gida ta biyo ni da mamanta. Tambayoyin kuma kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tattara su wuri guda. Na yi zangon hunturu na 2022/2023 ne a Jami'ar Hamburg ƙarƙashin shirin Erasmus+, lokacin ina aji uku a fannin nazarin harsuna, kuɗaɗen da zan ambata kuma yawancinsu na wancan lokacin ne, inda na san sun canza zan faɗa.

Wai mene ne ma musayar ɗalibai, sikolashif ce?

Ba irin sikolashif ɗin da muka saba ji ba ce, wadda mutum zai tafi ya yo digiri ya dawo da kwali. A nan kana nan a matsayinka na ɗalibin jami'arka ta gida, rajistarka na nan, digirinka ma daga nan zai fito, kawai dai an ara ka ne wa wata jami'a na semesta ɗaya ko biyu, ka yi kwasa-kwasai a can a lissafa maka a nan. Erasmus shiri ne na Tarayyar Turai da aka fara tun 1987 don ɗalibansu, sai a 2015 aka buɗe ƙofa ga ƙasashen da ke wajen Turai irin namu. Mafi ƙaranci wata 2, mafi yawa wata 12 a matakin karatu ɗaya.

Ya ake nema? A turo min link dan Allah

Babu wani link da zan turo, kuma duk wanda ya ce ka biya shi ya cika maka fom ɗin Erasmus na musaya, riƙe kuɗinka. Ba ɗalibi ke nema kai tsaye ba. Jami'ar Turai ce ke neman kuɗin, da sunan haɗin gwiwa da wata jami'a takamaimai, sau da yawa ma da wani sashe takamaimai, sannan jami'arka ta tace ɗalibanta ta aika sunaye. Idan jami'arku ba ta da yarjejeniya da kowa to maganar ta ƙare daga nan, sai dai ku matsa wa malamanku su nemo.

Wurin tambaya shi ne ofishin hulɗa da jami'o'in waje na makarantarku da kuma shugaban sashe. Ni a jikin allon sanarwa na gani, takarda ɗaya, an manna ta rabi a kan jadawalin jarabawa, kwana tara ya rage a rufe. CGPA suka duba, da wasiƙar dalilin son zuwa, da ɗan intabiyu. Abin da ya fi kayar da mutane ba maki ba ne, fasfo ne, mutum an zaɓe shi sannan zai fara bin layin fasfo. Ka yi shi tun yanzu ko ba ka da inda za ka.

Dole sai na iya Jamusanci?

Don karatu ba dole ba ne idan akwai isassun kwasa-kwasai da Turanci a fanninka, amma ka duba da idonka kafin ka sa hannu, domin a matakin digirin farko yawancin darussa da Jamusanci ake yi, na Turancin sun fi yawa a mastas. Don rayuwa kuwa, wasiƙun hukuma da na inshora da takardar haya duk da Jamusanci suke zuwa, kuma Jamusawa akwai son wasiƙa ta akwatin gidan waya. Kos ɗin koyon harshe da ake ba baƙin ɗalibai ka shiga, yana da maki ma.

Ranar da na fara duba jerin darussa na ga an rubuta Hausarbeit a wuri kusan biyar, raina ya yi fari, na ce kai ashe Hausa ta yi kasuwa haka a ƙasar nan. Ashe Haus gida ne, Arbeit aiki, wato dogon rubutun da ake yi a ƙarshen kos. Haka Hausarzt, likitan iyali. Amma fa da gaske ana koyar da Hausa a Hamburg, a cibiyar nazarin Asiya da Afirka, kuma garin nan ne mahaifar Heinrich Barth, Baturen da ya shigo Kano a 1851 da sunan Abdulkarim. Da zai koma a 1855 ya tafi da wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu wanda ya taka Hamburg ɗin da ƙafarsa, saboda haka ba mu muka fara ba.

Nawa ake bayarwa, kuma yana isa?

A lokacina Yuro 850 ne a wata ga wanda ya je Jamus, da Yuro 820 na kuɗin jirgi wanda ake lissafawa da nisan tafiya ba da farashin tikiti ba. Yanzu abin yana tsakanin 800 zuwa 900 gwargwadon ƙasar. Kar ka buga shi da naira ka fara rabon gado, haka 'yan gidanmu suka yi, ƙanina har ya zaɓi wayar da zan sayo masa.

Ga inda yake tafiya: ɗakina a hostel ɗan sama da Yuro 300, inshorar lafiya wajen 120 a wata kuma ba a yi maka rajista sai da ita, sai kuɗin semesta sama da 300 a biya ɗaya, wanda ba kuɗin makaranta ba ne, a cikinsa tikitin bas da jirgin ƙasa na wata shida yake. Akwai kuma harajin rediyo da talabijin Yuro 18.36 a wata kan kowane gida ko kana kallo ko ba ka kallo, idan gida ɗaya kuke da wasu sai ku raba. Abin da ya saura shi ne ci da sha da kati da rigar sanyi. Yana isa idan kana girki da kanka. Matsalar tana makonnin farko ne, domin kuɗin ba ya shigowa sai ka iso, ka yi rajistar adireshi, ka buɗe akawun, alhali kuɗin ajiya na ɗaki da hayar watan farko suna jiranka tun ranar da ka sauka. Ka zo da abin da zai riƙe ka wata guda a hannu. Yadda rajistar adireshin take yana ƙasa a amsar makon farko.

Biza fa? An ce sai an ajiye miliyoyi a banki

Tunda zaman ya wuce kwana 90, bizar ƙasa ake nema mai harafin D, ba ta yawon buɗe ido ba. Ni a Legas na yi tawa. Maganar miliyoyi ta wanda zai ɗauki nauyin kansa ce, shi ake ce wa ya zuba kuɗin shekara a asusun da ake kullewa ana sakar masa wata-wata, daga Satumban 2024 adadin ya kai Yuro 11,904, wato 992 a wata. Ɗan musaya takardar tallafinsa ce shaidarsa, sai dai idan tallafin bai kai adadin da suke nema a wata ba za a iya cewa ka nuna cikon, ka tambaya tun wuri. Ranar da takardar gayyata ta shigo imel ɗinka, ranar za ka nemi lokacin ganawa, kar ka ce sai bayan biki, watannin Yuli da Agusta duk ɗalibai ne a layi. Ga mata masu tambayar hoto, ana karɓar hoto da hijabi matuƙar fuska a buɗe take daga haɓa zuwa goshi.

Ni mace ce, Baba ba zai taɓa bari ba. Ke ya kika yi?

Ban tunkari Abba da kaina ba, na san halin kayana. Umma na fara gaya wa, ta ce “ke dai kina son ja min magana”, amma da daddare ta kira Kawu, yayan Abba, wanda idan ya yi magana ta zauna. Kawu ya sa na kawo takardu duka ya sa tabarau ya bi su ɗaya bayan ɗaya ko da yake rabi da Jamusanci ne, tambayarsa uku ce: a ina za ki kwana, wa zai ɗauko ki, yaushe za ki dawo. Na nuna masa takardar ɗaki, da tikitin dawowa mai kwanan wata. Sai ya ce wa Abba, “Malam, wata shida ne, kuma neman ilimi ne, a yi mata addu'a.” Abba bai ce e ba bai ce a'a ba, washegari dai ya tambaye ni ko akwai masallaci a garin.

Ki je da amsoshi a rubuce, kuka ba ya aiki. Kuma wajen cike fom ɗin hostel ki rubuta kina son sashen mata zalla, domin da yawa a haɗe suke, ɗaki naki ke kaɗai amma kicin da banɗaki da maza. Idan ba ki faɗa ba babu wanda zai yi tunanin abin zai dame ki.

Me zan ɗauka, me zan bari?

Kilishi, dambun nama, man shanu, duk wani nama ko kayan madara ba a shiga da su Tarayyar Turai daga wajenmu, za a karɓe a filin jirgi kuma ana iya cin tara. Wake ma na Najeriya an hana shigar da shi tun 2015. Ni kuka na ɗauka da busasshiyar kuɓewa da yaji da daddawa, daddawar a leda uku cikin roba mai murfi amma duk da haka sai da hijabaina suka yi sati suna ba da labari. Rigar sanyi kar ka saya a gida, wadda muke kira rigar sanyi a nan ta hunturun Kano ce, can ka sayi ta gwanjo mai kauri wadda ruwa ba ya ratsawa, don Hamburg yayyafi da iska sun fi ƙanƙara yawa. Buta kuwa ka sa ƙarama a jaka, banɗakinsu takarda ce kawai.

Makon farko me da me ake yi?

Doka ta ba ka sati biyu daga ranar shiga ɗaki ka je ofishin hukuma ka yi rajistar adireshi, su suna ce mata Anmeldung, kuma sai da takardar shaida daga mai gidan. Wannan 'yar takardar ita ce uwar sauran, banki zai tambaya, kuɗinka kuma ba ya shigowa sai da banki, kamar yadda na faɗa a amsar kuɗi. Ka manna sunanka a akwatin wasiƙa a ranar farko, in ba haka ba katin banki zai zo ya koma.

Sauran ƙananan abubuwa da ba wanda ya gaya min: ranar Lahadi shaguna a rufe suke, na sauka ranar Asabar da yamma na wuni Lahadi da biskit ɗin jirgi. Ruwan famfo ana sha lafiya lau, ruwan roba kuwa ka duba, na sayi shida na buɗe ɗaya ya yi tsss, mai gas ne. Robar kuma kar ka jefar, akwai senti 25 a kanta idan ka mayar cikin na'ura a shago. Tashoshin jirgi ba ƙofa ba mai duba tikiti a bakin shiga, amma idan masu bincike suka shigo ba ka da shi Yuro 60 ne. Da tikitin ɗalibi har jirgin ruwa mai lamba 62 za ka hau a kogin Elbe ba ƙarin ko sisi, nan na riƙa kai kaina idan zuciya ta cushe.

Sallah da abincin halal fa?

Wannan bai ba ni wahala yadda na zata ba. Kusa da babbar tashar jirgin ƙasa akwai titin Steindamm, mahautan Turkawa da shagunan 'yan Afganistan da Larabawa a jere, da masallatai a unguwar, har da na 'yan Afirka ta Yamma. Hamburg na da 'yan Gana da yawa, a wani shagon kayan Afirka na ji wata mata tana waya tana cewa “ina zuwa yanzun nan” da Hausar zango, na tsaya kamar an dasa ni. Hajiya ce 'yar Kumasi, ta ce “ɗiyata daga ina?”, daga ranar na samu gidan cin tuwo. Ita ta koya min cewa shinkafar da suke kira Milchreis tana tuƙuwa ta yi tuwo sumul. A kantin cin abinci na jami'a, Mensa, kalmar da za ka haddace ita ce Schwein, alade ke nan, idan kana shakka ka ɗauki kifi ko na ganye, alawa mai danƙo kuma ka duba ko da gelatin.

Lokutan sallah ne suka fi rikita ni. A Disamba rana ba ta fitowa sai wajen 8 da rabi, azahar sha biyu da 'yan mintuna, la'asar kafin ƙarfe 2, magariba wajen 4, wato salloli uku cikin awa huɗu kuma duk lokacin lakca. Abin da ya taimaka shi ne darasin da aka rubuta 12 zuwa 2 a zahiri 12:15 yake farawa ya ƙare 1:45, rabin awan nan na tsakani da shi nake sallah, da 'yar darduma mai naɗewa a jaka.

Karatun ya fi namu wuya?

Ba wuya ya fi ba, salo ne daban. Cikakken semesta maki 30 ne na tsarin ECTS, wato kiredit ɗin jami'o'in Turai, kowane maki ɗaya kimanin awa 25 zuwa 30 na aiki, kuma yawancin awannin kai kaɗai ne da takardu a laburare. Ba handawut, ba mai karanto maka ka rubuta. A ba ku shafi talatin ku karanto, a zauna mutum goma sha biyar a zagaye, malama ta ce me kuka gani, kuma da gaske jira take. Sati uku ban buɗe baki ba, ni da aka raina da cewa ba a musu da malami, ga yara suna ce wa farfesa ba su yarda ba tana murmushi tana rubutawa. Idan an tashi kuma ba tafi ake ba, tebur ake ƙwanƙwasawa da bayan yatsu. Ba “ranka ya daɗe” ba rusunawa, Frau ga mace ko Herr ga namiji da sunan iyali ya wadatar.

Makin jarabawarsu kuwa a juye yake, 1.0 ne ƙololuwa, 4.0 ka tsallake da ƙyar, 5.0 ka faɗi, ka yi wa 'yan gida bayani kafin su ga 1.7 su fara salati. Kwafe ba tare da faɗin inda ka ɗauko ba kuwa ba a yafe shi ko layi biyu ne.

Zan iya yin aiki in ɗan tara wani abu?

Doka ta ba ɗaliban waje cikakkun kwanaki 140 a shekara ko rabin kwana 280 tun Maris 2024, a lokacina 120 ne, mafi ƙarancin albashi kuma Yuro 12 a awa a lokacin. Ka karanta abin da aka rubuta a jikin bizarka tukuna. Ra'ayina dai semesta ɗaya ta yi gajarta, kafin ka gama takardu ka samu aikin an shiga jarabawa.

Kewar gida fa, da wariyar launin fata?

Duhun ne ya fi sanyin cin rai. Ka fita da duhu ka dawo da duhu, hostel tsit kamar ba mutane, maƙwabciyata ta ɗaki sai da muka yi wata biyu kafin hirarmu ta wuce “Moin”, gaisuwar garin ke nan safe da dare. Ba ƙiyayya ba ce, ziyara ma sai an sa rana. Sa'a ɗaya, a hunturu agogonsu da na Najeriya da Nijar ɗaya ne, sai na riƙa kiran Umma bayan isha'i ta ajiye wayar a kicin ina jin ƙarar tukwane da faɗan yara, ba ma sai mun yi magana ba.

Hijabi ba wanda ya hana ni a aji ko a ofis. Kallo akwai. Sau ɗaya wani dattijo a jirgi ya faɗi wata magana yana nuna kaina, ban ji me ya ce ba amma na ga fuskar mutane, wata mata ta taso ta zauna kusa da ni har na sauka.

In na je ba zan iya zamana kawai ba?

Bizar tana da ranar ƙarewa, digirinka kuma yana gida bai ƙarasu ba, idan ka maƙale ka zama ba takarda ba kwali, sannan ka toshe wa 'yan bayanka hanya domin jami'ar can tana lura da wanda ya koma da wanda bai koma ba. Mai son komawa ya dawo ya gama, ya nemi mastas ta DAAD, hukumar tallafin karatu ta Jamus, ko Erasmus Mundus, shirin mastas na Tarayyar Turai, ga wasiƙar shaida daga malamin can a hannu. Kafin ka taho kuma ka soke rajistar adireshi da inshora a rubuce, in ba haka ba bashi zai riƙa taruwa da sunanka.

Za a lissafa min kwasa-kwasan idan na dawo, ko zan maimaita?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata a fara yi, amma kullum ita ce ta ƙarshe. Akwai takardar yarjejeniyar kwasa-kwasai, a fom ɗinsu za ka ga Learning Agreement, a cikinta ake jera kos ɗin da za ka yi a can da wanda zai maye a gida, mutum uku ke sa hannu: kai, jami'arka, da jami'ar can. Abin da ba ya cikin takardar nan babu shi, ko shugaban sashe ya ce maka “je ki kawai ba matsala”. Shugaban sashe yana canzawa. Ka sa a buga hatimi, ka kai wa kodinetan ajinku da jami'in jarabawa kwafi, ka riƙe naka. Kalanda ma ka duba, lakcocin hunturu a can daga tsakiyar Oktoba ne zuwa farkon Fabrairu, namu kuwa sai yadda ta yiwu. A shekarar da na tafi an yi yajin aikin malaman jami'a na wata 8, daga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wato satin da na fara shiga aji a Hamburg shi ne aka ce 'yan ajinmu su koma. Hannun shugaban sashenmu ma a ƙofar gidansa na samu, bayan la'asar, a kan bonet ɗin mota, Yaya na riƙe da takardar kar iska ta ɗauke.

Kuskuren nawa ne. Da na isa sai na tarar kos ɗaya ya ci karo da wani a jadawali, na canza shi da wani da ya fi min daɗi, malamar can ta sa hannu, na ce na gida sai na dawo. Ashe sati biyar ake bayarwa daga fara semesta a gyara takardar kowa ya sake sa hannu, imel ɗaya ne da ya ishe ni. Na dawo da 1.7 a kos ɗin, maki mafi kyau da na samu a can, jami'in jarabawa ya ɗora sakamakon a gefen yarjejeniyar ya bi da biro layi-layi, ya tsaya a na huɗu ya ce “wannan fa?” Na yi bayani ya saurara har ƙarshe, ya ce ya gane, amma ba abin da zai kai wa kwamiti. Kariyoba ɗaya. Shekarar da ta biyo na zauna jarabawar da 'yan aji uku, wata a bayana tana taɓa ni da biro tana raɗa, “Anti, ba ke ce kika je Jamus ba?”